Kalmar “Kalamos” ta Girkanci: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa kalmar “alƙalami” ararriya ce daga Larabci. Sai dai kuma bincike ya nuna cewa tarihinta bai tsaya nan ba, domin masana da dama suna danganta ta da kalmar Girkanci “kalamos”. Wannan maƙala za ta duba ma'anar kalmar, da sigarta, da yadda ta iso Hausa.

Ma'ana da Amfani

Asalin ma'anar “kalamos” shi ne karan da ke fitowa a bakin ruwa, mai rami a ciki. Daga nan ne Girkawa suka faɗaɗa ta zuwa abubuwan da ake yi da wannan kara, wato sarewa, da sandar kamun kifi, da kyauron kibiya, da sandar awo, da abin rubutu. Saboda haka ƙamus kaɗai ba zai wadatar da ɗalibi ba, sai ya dubi muhallin da kalmar ta fito. Alal misali, a Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Girkanci, tana nufin kara a Matiyu 27, sandar awo a Ru'ya ta Yohanna 11, sannan abin rubutu a Wasiƙar Yohanna ta 3, inda aka ambace ta tare da tawada.

Siga

Kalmar suna ce, jinsin namiji. Saiwarta ita ce “kalam-”, ɗafa-ƙeyar kuwa tana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla: “kalamos” in ita ce aikau, “kalamon” in ita ce karɓau, “kalamou” wajen nuna mallaka. Jam'inta shi ne “kalamoi”.

Yaɗuwarta

Latinanci ya are ta, ta zama “calamus”. A Larabci “ƙalam” ce, jam'i “aƙlam”. Wasu masana na ganin ta bi ta tsohon harshen Habasha kafin ta shiga Larabci, alhali malaman lugga na Larabawa sun danganta ta da aikatau mai ma'anar fiƙewa. Daga Larabci Turkanci ya sami “kalem”, Suwahili ya sami “kalamu”. Hausa kuwa ta ɗauko ta haɗe da “al-”, kamar yadda ta yi wa “alƙali” da “allo”, ta ƙara mata wasali a ƙarshe, ta kuma yi mata jam'i irin nata, wato “alƙaluma”. Har ma ta ba ta sabuwar ma'ana, domin ana cewa “alƙaluman lissafi”.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa harshen da aka ari kalma daga gare shi ba lalle ne ya zama mafarinta ba. Ya kamata masu nazarin ararrun kalmomi su riƙa bin sawun irinsu “falsafa” da “dirhami”, waɗanda su ma tushensu Girkanci ne.