Sabuwar bindigar farauta: a wanke ta kafin ɗurin farko

A Kore Mairuwa da garuruwan Dallol Mawri akwai maharba da sunka gaji farauta daga iyaye. Idan maharbi ya samu sabuwar bindiga, yakan yi ɗokin gwada ta. Wannan gaggawa tana da haɗari. Sabon ƙarfe yana walƙiya a waje, amma cikinsa akwai dauɗa.

Daga ina dauɗar take?

Bindigar da maƙeri ya ƙera tana fitowa da garin ƙarfe da ƙura a cikin bututu. Wadda anka kawo daga waje kuwa an shafe ta da mai mai kauri, don kada ta yi tsatsa a hanya. Wannan mai na ajiya ne. Ba na aiki ba ne.

Idan mai ya jiƙa albarushi, wuta ba ta kama shi nan take. Maharbi ya ja kunama, ya ji shiru. Ya juyo baki ya leƙa, sai bindiga ta tashi. Haka ake rasa ido, ko hannu, ko rai. Wanda bindigarsa ta yi shiru, ya bar bakinta yana kallon fili, ya jira aƙalla minti 1.

Yadda ake wankewa

1. A tabbata babu ɗuri a ciki. A zura sandar ɗuri cikin bututu, a yi mata alama, a gwada tsawon a waje. Idan bai kai gindi ba, akwai abu a ciki.
2. A kai albarushi nesa. A kashe taba. A kori yara.
3. A ɗaura tsumma a sanda, a ɗiga masa kananzir kaɗan, a goge cikin bututu. Ban da man fetur, domin tururinsa yana kama wuta.
4. A yi ta canja tsumma har ya fito fari, bututu ya bushe sarai.
5. A duba ƙarfen da rana. Idan akwai tsaga, a mayar wa mai ita. Wanki ba ya gyara tsaga.

Ina ake sa mai?

Man keken ɗinki ya isa. Ɗigo 1 ko 2 a gaɓar kunama, a kuma shafa kaɗan a bayan ƙarfe. Mai da yawa yana kama rairayi da ƙurar hunturu, su riƙa cin ƙarfe.

Duk abin da ke taɓa albarushi ya zauna a bushe: ma'auni, da ƙahon ajiya, da sandar ɗuri. Ma'aunin ƙaho ko na itace ya fi, domin ƙarfe da ƙarfe suna ƙyasta wuta. Bayan harbi, tokar albarushi tana jawo laima, ta kawo tsatsa. Sai a wanke bututu da ruwan zafi a ranar, a busar, a shafa mai kaɗan. Kafin wani ɗuri, a goge man.

Doka

Ranar 29 ga Afirilu 1998 Nijar ta kafa dokar farauta da kare namun daji. Riƙe bindiga da farauta duka suna buƙatar takardar izini. Mai son bayani ya je wajen ma'aikatan gandun daji a Tibiri ko Dogon Dutsi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maharban unguwarsu. Rigakafi ya fi magani.