Lolek da Abokansa: Ibada, Zumunci da Wasa a Ƙasar Poland

Wadowice ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar Poland, a gindin duwatsu, kimanin kilomita 50 daga birnin Krakow. A zamanin da ya shafe mu a nan, wato tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, mutanensa ba su wuce 10,000 ba, galibinsu mabiya ɗarikar Katolika, sauran kuwa Yahudawa ne masu kantuna da sana'o'i. A nan aka haifi Karol Wojtyla ranar 18 ga Mayu, 1920, wanda 'yan unguwa suke kira Lolek, duniya kuma ta san shi daga baya da sunan Paparoma John Paul na Biyu, har ma daga cikin dattawanmu akwai waɗanda suka gan shi da idonsu a Kaduna cikin Fabrairun 1982. Saboda girman da ya kai a ƙarshen al'amarinsa aka bi diddigin ƙuruciyarsa aka rubuta ta filla-filla, har ya zamana ta kansa muna iya leƙa yadda talakan Bakatolike na wannan ƙasa yake tashi da kwanciya, abin da ma'abota tarihi ba kasafai suke ɓata tawadarsu a kansa ba.

A irin wannan gari lokaci yana hannun coci. Ƙararrawa tana kaɗawa da sassafe, da tsakar rana, da almuru, domin addu'ar tunawa da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu da bushara, masu himma kuma su tuɓe hula su dakata da aiki har a idar. Ranar Juma'a ba a ɗora nama a kan wuta. Kafin Ista akwai azumin kwana 40, wanda hukuncinsa taƙaita ci ne da ƙaurace wa raye-raye da bukukuwa, ba kamewa daga alfijir zuwa faɗuwar rana ba. Mutum ya fi girmama ranar waliyyin da aka raɗa masa sunansa bisa ranar haihuwarsa, kuma a ranar ne dangi da abokai suke zuwa gaisuwa. Ta Karol ita ce 4 ga Nuwamba.

Amma daren da ya fi kowane dare daraja shi ne jajiberin Kirsimeti. Akan wuni da ɗan abin taɓa baki kawai, yara kuma su maƙale a taga suna duban sama, domin ba a zama cin abinci sai tauraron farko ya bayyana. Akan shimfiɗa 'yar ciyawa ƙarƙashin mayafin tebur don tunawa da komin dabbobin da aka kwantar da jariri, a ajiye kwano guda da kujerar da ba mai ita saboda baƙon da dare zai iya jefowa. Kafin a taɓa kifi ko miya, maigida ya ɗauko wani farin burodi marar yisti, siriri ƙwarai, kowa ya karɓi rabonsa, sa'an nan a bi juna ɗaya bayan ɗaya, kai ka ɓallo daga nawa ni in ɓallo daga naka, ana fatan alheri ana neman gafarar abin da ya gifta cikin shekara. Wanda yake nesa akan sa masa guntu cikin wasiƙa. Hikimar abin a fili take, gama da wuya mutane biyu su riƙe gaba ta zarce Disamba alhali dole su tsaya fuska da fuska a wannan dare.

Gidan su Lolek ɗakunan haya ne a bene, daura da coci, mai gidan kuwa Bayahude ne. Mahaifiyarsa Emilia ta rasu a 1929, yayansa Edmund, wanda yake likita, ya bi ta a 1932 bayan ya ɗauki cutar wani majinyaci da yake dubawa. Aka bar yaro da uba, tsohon hafsan soja mai cin fansho, wanda ya ɗauki girki da wanki da ɗinki a kansa, har yakan warware tsofaffin kayan sojansa ya mayar wa yaron riguna. Tsarin yini bai canzawa: yaro ya yi hidima a Mas ɗin safe, ya tafi makaranta, su ci na rana tare, ya yi wasa, ya yi karatu, su fita yawo da maraice. Ɗan ya ba da labari daga baya cewa sau da yawa yakan farka cikin dare ya tarar da uban a durƙushe yana addu'a, kuma wannan gani ya fi masa wa'azi tasiri. Bayan rasuwar uwar, uban ya kai shi ziyara Kalwaria Zebrzydowska, wurin da aka gina tun farkon ƙarni na 17 da ƙananan ɗakunan ibada fiye da 40 warwatse cikin tsaunuka bisa kwaikwayon Ƙudus. Ziyarar nan ta zame masa lazimi muddin yana ƙasar.

Tare da wannan zuhudu, gidan bai rasa wasa ba. Jerzy Kluger, ɗan wani lauya da yake shugaban Yahudawan garin, wanda suka yi aji ɗaya da Lolek tun suna ƙanana, ya ce yakan zo ya iske uba da ɗa sun ture kujeru suna buga ƙwallon tsumma a tsakar ɗaki. A fili kuwa yara sukan rabu gida biyu, Katolika da Yahudawa, in kuma ɓangaren Yahudawa bai cika ba Lolek ya tsaya musu a raga. Kluger ya ruwaito cewa ranar da sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, doki ya sa ya ruga har cikin coci don ya yi wa abokinsa albishir, wata mata ta dube shi ta nuna mamakin abin da ya kawo ɗan Bayahude wurin. Da Lolek ya gama hidima ya ji, sai ya ce shi matar yake wa mamaki, da ba ta san Uba guda gare su duka ba, wato Allah, bisa lafazin Kiristoci. Wajibi ne a faɗa cewa ba haka ƙasar take duka ba. Ƙiyayyar Yahudawa ta yi ƙamari a ƙarshen shekarun 1930, kuma ko bayan yaƙi sai da aka yi musu kisan gilla a garin Kielce a 1946. Halin gidan Wojtyla tarbiyyar uba ce, ba iskar zamani ba.

Yaƙi ya raba Lolek da Kluger. Karol ya koma Krakow a 1938 yana karatun adabi, Jamusawa suka rufe jami'ar cikin 1939 suka kwashe malamanta, shi kuma ya shiga fasa dutse, daga baya ya koma masana'antar Solvay. Uban ya rasu a Fabrairun 1941, ya bar shi ba uwa ba uba ba ɗan'uwa tun bai cika shekara 21 ba. Abu biyu suka riƙe shi. Na farko wani tela ne, Jan Tyranowski, mutum mai kunya da yawan halwa, wanda ya kasa samarin unguwa ƙungiya ƙungiya, kowace mutum 15, gwargwadon asirai 15 da ake tadabburinsu a jan carbin Katolika a wancan lokaci, ya kuma koya musu rubuta yadda suka ɓatar da sa'o'insu domin su yi wa kansu hisabi. Duk wanda ya ga yadda Zumuntar Matan Katolika take haɗa addu'a da ziyarar marar lafiya da gudummawar biki a garuruwanmu ya san irin wannan ɗauri. Na biyu wasan kwaikwayo ne, wanda shi da Mieczyslaw Kotlarczyk da wasu suke yi a ɓoye cikin ɗakunan mutane, an sassauke labule, ba dandamali ba kayan ado, sai murya da baitocin mawaƙan ƙasarsu, alhali kowa a ɗakin ya san kamu zai iya kai shi sansanin mutuwa.

An naɗa shi Fada ranar 1 ga Nuwamba, 1946, kuma a 1949 aka kai shi cocin Waliyyi Florian a Krakow domin kula da ɗalibai, a nan ne kuwa aka ƙulla zumuncin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Da 'yan waƙar coci aka fara, da ziyarar makafi da marasa lafiya, sai abu ya kai ga fita bayan gari. Gwamnatin gurguzu ba ta yarda malamin coci ya yi jagorancin matasa ba, don haka yakan tuɓe doguwar rigarsa ya sa kayan gida, su kuma a cikin jirgin ƙasa su kira shi Kawu, sunan da ya bi shi har kabari. Da hunturu su hau duwatsun kudu suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, da bazara kuma, tun daga 1953, su ɗauki ƙananan kwalekwale masu cin mutum biyu su bi koguna da tafkunan arewa mako biyu ko fiye, suna kwana a tanti. Da gari ya waye sai a kifa kwalekwale guda a kan gaɓa ya zama bagade, a ɗaure filafili biyu a gicciye, a yi Mas, a sha shayi, a shiga ruwa. Shi kuwa yakan sauya abokin tuƙi, yau wannan gobe wancan, domin kowa ya sami sa'o'in da zai zazzage masa cikinsa ba mai ji sai ruwa. Sun shaida cewa ya fi saurare bisa magana, kuma bayan ya jera wa mutum fuskokin mas'ala yakan bar masa yanke hukunci.

Ba kowane dattijon coci ne ya yi na'am da ganin Fada cikin gajeren wando tsakanin samari da 'yan mata ba, amma a ganina sakamakon ya ba shi gaskiya. Shi da bai yi aure ba, daga bakin waɗannan matasa ya san abin da neman aure da zaman aure suka ƙunsa, littafin da ya wallafa a 1960 kan ƙauna da haƙƙoƙinta ma sai da aka yi muhawara a kan babinsa a bakin ruwa. Ya ɗaura musu aure, ya yi wa 'ya'yansu baftisma, 'ya'yan suka girma suka shiga kwalekwale. Abin da ya raya wannan zumunci, in an duba, shi ne an ba shi wa'adi cikin shekara kamar yadda aka ba ibada: akwai tafiyar bazara, akwai ta hunturu, akwai waƙoƙin Kirsimeti a gidajen juna, akwai 4 ga Nuwamba, wanda ya yi nisa ya san ranar da za a neme shi. A Yulin 1958 yana kan ruwa saƙo ya iske shi cewa Kadinal Wyszynski yana kiransa a Warsaw. Ya je, aka shaida masa an naɗa shi mataimakin bishop yana da shekara 38, ya karɓa, ya kuma koma wurin abokansa suka ƙarasa tafiya.

Jigon waɗannan tafiye-tafiye wani injiniya ne, Jerzy Ciesielski, ɗan wasa na gaske, wanda Kawu ya ɗaura masa aure a 1957. Ya tafi koyarwa Jami'ar Khartum, kuma ranar 9 ga Oktoba, 1970, jirgin ruwan da suke ciki ya kife a Kogin Nilu, ya rasu tare da 'ya'yansa biyu. Cocin Katolika tana binciken shigar da shi sahun waliyyai, hujjarta kuwa ba ta wuce yadda ya riƙe aikinsa da iyalinsa da abokansa ba.

Kluger fa? Rashawa sun tsare shi da mahaifinsa a sansanin aikin dole, ya fito ya shiga rundunar Janar Anders, ya yi yaƙin Monte Cassino a 1944. Uwarsa da 'yar'uwarsa da kakarsa duka sun halaka a hannun 'yan Nazi. Ya yi karatun injiniya a Ingila ya zauna a Roma, sai a 1965 ya ci karo da sunan wani Akbishop Wojtyla a jarida, cikin labarin babban taron bishop-bishop na Vatican. Ya buga waya yana shakka, suka haɗu bayan rabuwar shekara fiye da 25. Da aka zaɓi abokinsa Paparoma ranar 16 ga Oktoba, 1978, iyalin Kluger ne farkon waɗanda ya gana da su a keɓe, kuma a 1989 Paparoman ya roƙi Kluger ya koma garinsu, inda bai taka ba tun yaƙi, ya karanta wasiƙarsa a filin da majami'ar Yahudawa take kafin Jamusawa su rushe ta. Ya yi jinkiri, amma ya je.

Sarauta ba ta raba Paparoma da duwatsu ba. Sakatarensa Stanislaw Dziwisz ya bayyana bayan rasuwar Paparoman cewa sun sulale daga Vatican fiye da sau 100, na farko a Janairun 1981, cikin ƙaramar mota, wani yana buɗe jarida don ya kare shi daga idon masu gadi, su nufi tsaunukan Abruzzo inda yakan bi layi kamar kowa cikin hula da tabarau. A 1984 ya gayyaci shugaban Italiya Sandro Pertini, ɗan gurguzu mai sassauci da bai yi imani da coci ba amma suka shaƙu, suka hau dutsen Adamello, tsohon yana kallo shi yana zamiya. Faɗuwar da ya yi a Afrilun 1994, wadda ta karya masa ƙashin cinya, ita ta kawo ƙarshen wannan wasa. Kwalekwale kuwa tun 1978 ya gagare shi. Mutanen Krakow suka ci gaba da tafiyarsu ta bazara ba tare da shi ba, sukan zo masa da 'ya'ya da jikoki a gidan hutunsa na Castel Gandolfo su kwana suna waƙa, sukan kuma rubuto masa labarin koguna, shi kuma ya ba da amsa ya sa hannu da sunan Kawu.