Ayari da Zango: Tsarin Tafiya a Hamadar Tenere

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zamfara, ko a Janbako ne ko Bakura ko Talata Mafara, ya san kalmomin ayari da madugu da zango, ko da kuwa bai taɓa taka hamada ba. Kalmomin nan gado ne na fatauci, kuma kowace tana ɗauke da wata ƙa'ida ta tsare rai. Inda ake ganin haka a fili shi ne ayarin gishiri na Buzaye, wanda ke ratsa hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar.

Ayarin nan yakan tashi daga ƙasar Abzin bayan damina, ya nufi gabas zuwa Fachi da Balma, tafiyar da ta haura kilomita 500. Ana ɗaukar gero a tafi da shi, a komo da kantun gishiri da dabino, sa'an nan a gangaro da su kasuwannin ƙasar Hausa. A cikin irin wannan ayari ne Bature Heinrich Barth ya baro Abzin a ƙarshen shekarar 1850, ya iso Kano a 1851.

Ƙa'ida ta farko ita ce shugabanci. Madugu uban tafiya ne, shi ya san rijiyoyi, shi ke duban rana da taurari a inda babu dutse babu itace. Idan ya yanke magana ba a musu, domin gardama a tsakiyar rairayi tana cin lokaci, lokaci kuwa ruwa ne.

Ta biyu ita ce guzuri. Tun da babu kiwo a hanya, sai a yanko ciyawa tun daga Abzin a ɗora wa raƙuma, a riƙa ajiye damma a wasu wurare saboda komowa. Ruwa a salka yake, abinci kuwa gari ne na gero da aka daka da cuku da dabino, a dama a sha ana tafe.

Ta uku ita ce zango. Ba a sauka don an gaji, sai inda madugu ya ƙayyade, sau da yawa bayan dare ya yi. A nan ake sauke kaya, a dabaibaye raƙuma, a hura wuta, a tabbata ba a bar kowa a baya ba.

Daga baya masu yawon buɗe ido daga Turai sun shiga wannan hamada rukuni-rukuni, musamman a shekarun 1980, suna tashi daga Agadas cikin motoci, suna kwana a fili. Su ma ba su tsira daga ƙa'idojin ba: sai da jagora ɗan ƙasa, da ruwa da mai fiye da bukata, da mota fiye da ɗaya don kada lalacewar guda ta zama ajali. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Abzin da Tenere cikin wuraren gado na duniya, amma tawayen da aka fara a 1990, da wanda ya biyo baya a 2007, suka durƙusar da wannan sana'a.

Abin da saɓa wa ƙa'idojin ke jawowa ya bayyana a watan Oktoba na 2013, sa'ad da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Akasarinsu mata ne da yara. Motocinsu suka lalace, jama'a suka watsu neman ruwa, ƙishirwa ta gama da su.

Saboda haka Bahaushe bai kira kowane taron matafiya ayari ba. Sai an sami madugun da ake bi, da guzurin da aka auna, da zangon da aka sani, kana taron ya cancanci sunan.