Idan Ciwo ya Haifi Ciwo: Aikin Likita a kan Majinyaci Mai Cuta Fiye da Ɗaya

A manyan asibitocin ƙasar Nijar, a Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, akwai sashen da a ke kwantar da manya masu ciwace-ciwacen cikin jiki, waɗanda a ke yi wa magani ba tare da fiɗa ba. Da wuya majinyacin wannan sashe ya zo da cuta ɗaya tak. Mai ciwon sukari ya kan zo da hawan jini, mai hawan jini ya kan zo da ciwon ƙoda, mai ciwon ƙoda kuma ya kan zo da ƙarancin jini da kumburin ƙafafu. Irin wannan jinya ta fi kowace wuyar sha'ani, domin cuta ɗaya ta kan ɓoye alamar ɗaya, maganin wannan kuma ya kan tada waccan.

Cuce-cuce biyu ne suka fi kai mutane wannan hali, watau ciwon sukari da hawan jini, wanda jama'a ke kira tansiyo. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga miliyon 200 a shekarar 1990 zuwa miliyon 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. A rahotonta na 2023 ta ce cikin manya 3, mutum 1 na da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su san suna da shi ba.

YADDA CIWO KE HAIFAR CIWO

Jikin mutum cike ya ke da hanyoyin jini, manya da ƙanana, kamar magudanan ruwa a cikin garka. Sukari idan ya yi yawa shekara da shekaru ya kan ci bangon waɗannan hanyoyi, hawan jini kuma ya kan matsa musu har su yi kauri, su ƙuntace. Idan cutukan biyu suka haɗu a jiki ɗaya, ɓarnar ta fi sauri.

Inda hanyoyin suka fi sirantaka, can ɓarna ke farawa. A ido, ƙananan jijiyoyi na tsiyaya har gani ya dushe. A ƙoda, rariyar da ke tace jini ta kan huje, abincin jiki ya riƙa zurarewa cikin fitsari. A ƙafa, jijiyar ji ta kan mutu, mutum ya taka ƙaya ko rairayi mai zafi bai ji ba. Manyan hanyoyi kuwa idan suka toshe ko suka fashe, su ke kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ƙoda ita ce tsakiyar wannan ƙulli. Hawan jini na lalata ta, ita kuma idan ta lalace ta kan riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa, zuciya ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Abin tsoro, ƙoda na iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita bai ji ciwon kome ba.

BINCIKEN LIKITA

A ɗauki misalin magidanci mai shekara 60, mai ciwon sukari da hawan jini, da aka kawo asibiti a sume cikin watan Afrilu. Dangi na cewa jiya lafiya lau ya kwana. Abubuwan da ka iya kawo wannan suma suna da yawa: sukari ya faɗi ƙasa, ko ya hau fiye da kima, ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko masassarar cizon sauro ta hau kai, ko sanƙarau ne, tun da lokacinsa ne, ko kuwa ƙoda ta tsaya dattin jini ya taru. A idon dangi duk kamanninsu ɗaya, amma maganin kowane dabam.

Don haka likita ke bin tsari. Ya kan fara da abin da ke kisa nan take wanda kuma a ke iya gyarawa nan take. Ya duba numfashi, ya auna tansiyo, ya tsaga yatsa ya auna sukari, aikin da ba ya cin minti ɗaya. Idan sukari bai kai giram 0,70 a cikin lita ba, ruwan sukari ta jijiya na iya farfaɗo da mutum kafin a gama shimfiɗa masa gado. Idan aka yi kuskure aka ɗauka hawa ya yi, aka ƙara masa allurar insulin, an kashe shi ke nan.

Bayan haka sai gwajin masassara, da lanƙwasa wuya don neman alamar sanƙarau, da duba ko hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ta saki. Idan shanyewar ɓarin jiki ce, hoton sikana ne kaɗai ke iya rarrabe jijiyar da ta toshe da wadda ta fashe. Bambancin na da girma, domin asfirin da ke amfanin mai toshewa ya kan ƙara wa mai fashewa zubar jini. Har wa yau, likita ba ya gaggawar saukar da tansiyo gaba ɗaya a irin wannan hali, don kada ƙwaƙwalwar da ta riga ta ji rauni ta ƙara rasa jini.

Sa'an nan sai tambaya. Wane magani ya ke sha, tun yaushe, wa ya rubuta masa, ya ci abinci bayan ya sha, ya yi zawo ko amai, fitsarinsa ya ragu? Sau da yawa amsar da matarsa ko ɗansa ya bayar ita ke buɗe ƙofar da gwaji bai buɗe ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jiƙo da garin magani da ƙwayar da aka saya a kasuwa, duk ya kamata a faɗa.

ALAMUN DA KE RUƊI

Majinyaci mai cuta da yawa ba ya nuna alamu yadda aka saba. Mai ciwon sukari na shekaru na iya samun toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba, sai dai kasala da gumi da haki, domin jijiyar da za ta kai labarin zafin ta mutu. Tsoho na iya kamuwa da ciwon huhu mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, sai ruɗewa kawai, dangi su ce tsufa ne.

Wani lokaci ma abin da ya yi kama da sauƙi shi ne alamar haɗari. Mutumin da sukarinsa ya daɗe yana hawa, kwatsam ya fara faɗuwa ba a canza magani ba, likita ya kan zargi ƙoda, domin ita ke fitar da insulin da waɗansu ƙwayoyi daga jini. Idan ta gaza, magani ya kan taru ya yi aiki fiye da yadda a ke so.

Gwaji ma na iya ruɗi. Akwai awon jini da ke nuna matsakaicin sukari na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, amma ga mai amosanin jini, watau sikila, ko mai ƙarancin jini ƙwarai, sakamakonsa ba abin dogara ba ne. Haka kuma mai sukari da ke rama, ba koyaushe sukarin ne dalili ba. Haɗarin kamuwa da tarin fuka a gare shi ya ninka na sauran mutane sau 2 zuwa 3, don haka tarin da ya wuce mako 2 na bukatar awon majina.

MAGANIN WANI, GUBAR WANI

Babban aikin likita a nan shi ne auna magunguna da junansu, da kuma ƙarfin ƙoda da hanta. Metformine ita ce ƙwayar farko ga yawancin masu ciwon sukari, mai arha ce kuma mai amfani, amma idan tacewar ƙoda ta faɗi ƙasa da mililita 30 a minti, dole a tsai da ita. Glibenclamide ga tsoho mai raunin ƙoda ta kan kawo faɗuwar sukari mai daɗewa, har ta kai ga suma. Captopril da enalapril na saukar da tansiyo, suna kuma kare ƙodar mai sukari, amma bayan mako 1 ko 2 da farawa sai an sake awon jini, kuma an hana su ga mace mai ciki domin suna cutar da ɗan tayi.

Idan tarin fuka ya shigo, jinyarsa wata 6 ce, kuma ɗaya daga cikin magungunansa, rifampicine, ya kan rage ƙarfin waɗansu ƙwayoyin sukari da na tansiyo, sai an sake daidaita su. Idan masassara mai tsanani ce, kinin na saukar da sukari, ita kanta masassarar ma haka, shi ya sa a ke maimaita awo a kai a kai.

Haɗarin da ya fi yawa yana zuwa ne daga maganin da likita bai rubuta ba. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofène, da masu talla ke yawo da su a tasha da kasuwannin ƙauye, na hawar da jini suna kuma rage jinin da ke isa ƙoda. Manomin da ke shan su kullum don gajiya, idan yana da hawan jini, yana tura ƙodarsa rami da hannunsa. Dexaméthasone, da waɗansu mata ke sha don ƙiba, na hawar da sukari da tansiyo, tana kuma raunana kariyar jiki. A gefen abinci, OMS ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma cikin lissafin har da dunƙulen miya. Kanwa ma gishiri ce a wajen ƙoda da zuciya, ko da ɗanɗanonta ya bambanta.

BAZARA, ZAWO DA AZUMI

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, jiki na rasa ruwa da yawa. Idan zawo ko amai ya ƙaru a kai, ƙwayoyin sa fitsari da captopril da metformine, waɗanda jiya su ke amfani, yau na iya tsai da ƙoda. Mai irin wannan jinya ya kamata ya isa likita a ranar, ya kuma riƙa shan ruwan gishiri da sukari kafin ya isa. Mai allurar insulin kuwa kada ya bar ta don ya kasa cin abinci sai da shawarar likita, domin ciwo shi kansa na hawar da sukari.

An gano insulin a 1921 a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa majinyaci allurarsa a watan Janairu na 1922. Zafi na rage masa ƙarfi, amma rashin firij bai hana amfani da shi ba. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da jami'ar Janeba, wanda aka buga a 2021, ya nuna kwalbar da aka buɗe na riƙe ƙarfinta har mako 4 a zafin da ke kai da komowa tsakanin digiri 25 da 37. A bazarar Sahel zafi na wuce haka, shi ya sa a ke ajiye kwalbar a inuwa, cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairayi.

Game da azumi, mai ciwon sukari da ke da raunin ƙoda ko ciwon zuciya, ko mai yawan faɗuwar sukari, ya kamata ya ga likita makonni kafin wata ya kama, a duba halinsa, a gyara masa lokutan magani, ko a shaida masa cewa jikinsa ba zai ɗauka ba.

TSADAR JINKIRI

Idan ƙoda ta mutu, abin da ya rage shi ne wankin jini da na'ura, sau 2 ko 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4, har iyakar rayuwa, sai fa in an yi dashen wata ƙodar. Wuraren wannan aiki kaɗan ne, kamar asibitin Lamorde a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Amiru Bubakar Diyallo. Mutumin karkara sai ya bar gona da iyali ya tare a birni, dangi su sai da bisashe da hatsi. Ƙafar da aka bar miki ya ci har ƙashi kuwa, ƙarshenta yankewa, mai noma ya koma zaune.

Awon da ke tsare mutum daga wannan hali ba shi da tsada idan aka kwatanta. Sukarin safe kafin cin abinci idan ya kai giram 1,26 sau biyu, ciwon sukari ya tabbata. Tansiyo idan ya kai 14/9 a ranaku biyu dabam, hawan jini ne. Wanda aka samu da ɗaya daga ciki, sai a nemi ɗayan. Sau ɗaya a shekara a auna fitsari da jini don ƙoda, a duba cikin ido, a cire takalmi likita ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Majinyaci mai cuta da yawa ya kan ga ma'aikatan lafiya da yawa, a CSI, a asibitin gunduma, a babban asibiti. Idan kowa ya rubuta tasa ordinansi bai ga ta ɗan'uwansa ba, mutum na iya shan magani ɗaya sau biyu da sunaye dabam, ko ya haɗa biyun da ba sa jituwa. Karne ɗaya da ke bin majinyaci ko'ina shi ne maganin wannan, tare da leda mai ɗauke da dukan abin da ya ke sha, har da na gargajiya. Wanda ya iya karatu da rubutu a gida na iya rubuta awon tansiyo da na sukari da kwanan wata, ya karanta wa tsoho lokutan magani, ya lura da ranar komawa. Ya kuma san cewa mai sukari da ya fara rawar jiki da gumi, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ƙwayar sukari 3, in ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a gaggauta kai shi likita.

Ga hukumomi, babban taron OMS na watan Mayu 2022 ya tsai da buri zuwa 2030: a gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sukari, kashi 80 cikin waɗanda aka gano su samu daidaiton sukari, kashi 80 kuma su samu daidaiton tansiyo. Cimma wannan na bukatar na'urar awon tansiyo mai aiki da takardun awon sukari da na fitsari a kowace CSI, da magunguna masu arha waɗanda ba sa yankewa, da takardar bayani da ke rakiyar majinyaci idan an tura shi gaba, ta kuma dawo da amsa. Jami'o'in Yamai da Damagaram da Maraɗi na horar da likitoci, amma ma'aikacin jinya na ƙauye shi ne ke fara ganin mai ciwo, kuma awon da ya yi a ranar farko shi ke yanke ko mutum zai kai shekara 10 da ƙodarsa da idonsa da ƙafarsa.