Shin Ko Kun San? Dilo, Jaridar Yukren Da Ta Sha Sauya Suna Ba Ta Sauya Alƙibla Ba

Shin ko kun san cewa jaridar Dilo ta fara fitowa ne a watan Janairun 1880 a birnin Lviv, tun yankin Galisiya yana ƙarƙashin daular Austiriya da Hangare? Da fari sau biyu take fitowa a mako, daga baya sau uku, a 1888 ta koma ta kullum. Ita ce jaridar kullum ta farko da harshen Yukren a yankin, kuma Volodymyr Barvinsky ne editanta na farko.

Ko kun san dalilin da ya sa aka kafa ta a Lviv ba a Kyiv ba? A 1876 Sarkin Rasha Alexander na Biyu ya kafa dokar Ems, wadda ta hana buga littattafai da harshen Yukren a daularsa, inda Kyiv take, ta kuma hana shigo da su daga waje. Mutanen Kyiv ba su samu jaridar kullum da harshensu ba sai bayan juyin juya halin Rasha na 1905. A Austiriya kuwa babu irin wannan takunkumi.

Ko kun san cewa rigimarta ta farko ta cikin gida ce? 'Yan bokon Galisiya sun rabu gida biyu. Wasu, masu jaridar Slovo, suna ganin su reshe ne na al'ummar Rasha. Mutanen Dilo suka ce a'a, Yukreniyawa al'umma ce mai cin gashin kanta, kuma da harshen da talaka ke ji ya kamata a yi rubutu. Limaman coci da malaman makaranta da lauyoyi su ne manyan masu karanta ta, shahararren marubuci Ivan Franko ma ya yi mata rubutu.

Ko kun san cewa ta taɓa gudun hijira? Da sojojin Rasha suka mamaye Lviv a 1914, sai ta koma Biyena, babban birnin Austiriya, tana fitowa daga can na ɗan lokaci.

Ko kun san dabarar da ta yi wa mahukuntan Poland? Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Lviv ta faɗa hannunsu, suka yi ta hana jaridar fitowa. Tsakanin 1920 da 1923, duk lokacin da aka rufe ta sai ta ɓullo da sabon suna, kamar Hromadska Dumka ko Ukrainskyi Vistnyk, alhali aƙidar tana nan daram. Ko bayan ta dawo da sunanta, masu tace labarai ba su saurara mata ba: mai karatu kan buɗe shafi ya tarar da farin fili a inda aka cire sharhi.

Ko kun san cewa ta yi suka ta ko'ina? Daga 1925 ta jingina da jam'iyyar Yukreniyawa ta UNDO, wadda ta zaɓi neman haƙƙi ta hanyar zaɓe da majalisa. Dilo ta caccaki gwamnatin Poland kan murƙushe ƙauyukan Yukreniyawa a 1930. Ta yayata labarin yunwar 1932 zuwa 1933 da ta hallaka miliyoyin mutane a Yukren ta Sobiyet, lokacin da Mosko ke musantawa. Ta kuma ƙi amincewa da kashe-kashen siyasa na ƙungiyar 'yan kishin Yukren ta OUN, abin da ya sa matasa masu zafin kai ke mata kallon mai sanyin jiki. A kan wannan hanya ta majalisa, editanta Vasyl Mudry ya zama mataimakin shugaban majalisar dokokin Poland a 1935.

Ko kun san yadda ta ƙare? A Satumbar 1939 sojojin Sobiyet suka shiga Lviv. A ƙarƙashin Poland an bar ƙofar sauya suna a buɗe, amma sabbin masu mulki ba su yarda da wata jarida da ba ta jam'iyyar kwaminis ba. Nan Dilo ta tsaya, bayan kusan shekara 60 tana fitowa.