Motar Kara da Saniyar Laka: Hunturun Yara a Kuseri da Garwa

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi kan lulluɓe garin Kuseri na arewacin Kamaru da hazo, har wata rana mai tsaye a bakin Logon da ƙyar yake hango gidajen Njamena, alhali kogi ne kawai ya raba garuruwan biyu. Da asuba sanyi kan sauko zuwa wajen digiri 14 ko 15. Bature zai yi wa wannan dariya, amma ga garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Afrilu, sanyi ne mai sauya tsarin gida kacokan. Garwa, can kudu a bakin Binuwai, nata sanyin bai kai haka ba, sai dai ƙurar ɗaya ce, kaushi da faso ma duk ɗaya. A waɗannan watanni ne 'ya'yan Hausawa da Kotoko da Shuwa da Barebari da Fulani suka fi ƙera abubuwa da hannunsu. Manya na ganin motar kara da saniyar laka da 'yar tsana a matsayin shirmen yara. Ni kuwa ina ganin karatu ne sosai, wanda gida da unguwa ke bayarwa ba kuɗin makaranta, kuma ana neman barinsa ya salwanta ba wanda ya ce uffan.

Abin da hunturu ya fara ba yaro shi ne mutane. Da damina manya na gona, da bazara kowa na neman inuwar da zai fake, ba mai son wani ya raɓe shi. Sanyi ne kaɗai ke tara gida wuri guda. Tun da jijjifi uwa ta hura wuta, ta zuba garwashi a kasko ta shigar wa ƙanana ɗaki, ta ɗora ruwan zafi. Wankan jinjiri a ɗaga shi sai rana ta yi, a mulke shi da man kaɗe ko basilin, a rufa masa hular sanyi da rigar gwanjo wadda hannunta ya fi nasa tsawo. A sha kunu da ƙosai, 'yan boko su fita suna hura hannu, sauran kuma su jeru jikin katanga suna shan hantsi tare da kaka. Da magariba a sake komawa gindin murhu, a gasa dankali, a sha rake, Gizo da Ƙoƙi su fito. Yaro ɗan shekara huɗu da ke zaune tsakanin kakarsa mai kaɗi da yayansa mai feƙe kara yana ganin hannaye na aiki awa da awa, kuma ba ya jimawa sai nasa hannun ya fara ƙaiƙayi.

Kayan aikin ma lokacin ne ke kawo su. An gama girbin dawar damina, kara ya cika gonaki da rumfuna, masakwar da aka dasa a baƙar laka bayan janyewar ruwa kuma tana jiran yanka a Janairu da Fabrairu, ta ƙaro wani. Mai haɗa motar kara yakan zaɓi busasshen sille miƙaƙƙe, ya ɓare bayansa siri-siri da haƙori ko da reza, ya ware totuwar gefe. Totuwar ce katakonsa, ɓawon kuma ƙusarsa. Sai ya yanka totuwa daidai wa daida, ya riƙa soke su da tsinken ɓawo har gindin mota ya tsaya, sannan ya tayar da kai da bodi. Tayoyi daga tsohon silifa ake yanko su ko daga sakaina, kuma a nan ake gane gwani: in ramin bai zauna a tsakiya ba, motar za ta riƙa ɗingishi, in gatarin ya matse ba za ta gangara ba, in ya yi sako-sako tayar ta fice. Ba wanda ya taɓa gaya masa sunan wannan ilimi, amma ya san shi a yatsunsa. A Garwa, inda hedkwatar kamfanin auduga na Sodecoton take tun kafa shi a 1974, kuma manyan motoci ke jigilar auduga daidai wannan lokaci, ba abin mamaki ba ne yaro ya ƙera tirela ya cusa mata audugar da ya tsinto a gefen titi. Na Kuseri kuwa abin da yake gani kullum shi ne layin manyan motoci masu jiran tsallaka gadar Ngeli zuwa Chadi, su yake kwaikwaya, wani lokaci da gwangwanin sadin da waya.

Laka ta fi kara daɗewa a hannun yaran wannan ƙasa. Logon da Shari kan cika su batse a Oktoba da Nuwamba, sannan su fara ja da baya, su bar laka mai danƙo a gaɓa, inda masu buga bulo ke haƙa. Yaro ya ɗebo curi, ya murza, ya fitar da ƙafafu huɗu gajeru, ya tayar da tozo, ya lanƙwasa dogayen ƙahoni irin na jajayen shanun Bororo, ya shanya a inuwa domin ya riga ya koyi cewa rana da iskar hunturu na tsattsaga ɗanyar laka. Mai wayo kan tura tasa cikin tokar murhu ta kwana, ta fito ja da ƙarfi. A tudun Daima da ke Borno, kusa da iyakar Kamaru, masani Graham Connah ya haƙo ƙananan siffofin dabbobi na gasasshiyar laka, har da shanu, a 1965 da 1966. Kafin shi, tun shekarun 1930, Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf sun tono irinsu a tsofaffin garuruwan Sao, mutanen da Kotoko ke cewa su ne kakanninsu. Masana na ja-in-ja kan waɗanne ne na tsafi, waɗanne ne na wasa. Ko ma yaya ne, hannun da ke murza saniya a bakin Logon yau yana maimaita abin da aka yi a wannan ƙasa ɗaruruwan shekaru kafin Rabeh ya faɗi a Kuseri a 1900. Su kuma 'yan mata tasu sana'ar 'yar tsana ce: ƙashin ƙafar dabba ko guntun kara, a yi masa kitso da zare, a roƙo ƙyalle wajen tela a ɗaura masa zani da kallabi, a goya shi, a yi masa tuwon ƙasa, har a ɗaura masa aure da gara da komai.

Malamin wannan makaranta ba babba ba ne. Ƙaramin ya ce, "Yaya, yi mini tawa," yayan ya ce sai ya riƙe masa kara tukuna. Bana riƙo, baɗi yankan taya, shekara ta uku ya haɗa tasa, karkatacciya, a yi masa dariya, ya wargaza ya sake. Makarantar allo ma ta ɗora a kan wannan: almajiri shi ke feƙe alƙalaminsa, ya haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, kuma zayyanar da ake yi wa allo lokacin sauka zane ne mai buƙatar awo da nutsuwa. Ba na cewa duk mai motar kara zai zama injiniya. Abin da nake cewa shi ne yaron da ya saba auna abu da ido, ya saba gyara abin da ya lalace maimakon yin kuka, ya shiga garejin makanike ko shagon tela ko rumfar dukawan Marwa da rabin tarbiyyar sana'a a hannunsa.

Mai suka zai ce wannan ai yi wa talauci kwalliya ne: yaro na wasa da kara saboda ubansa ba shi da kuɗin sayen mota. Akwai gaskiya a ciki, domin ba yaron da za a miƙa wa motar roba mai fitila ya ƙi karɓa. Amma a dubi abin da ke faruwa bayan sati guda. Ta robar ta karye, ba mai iya gyara ta, an jefar. Ta karan in ta karye mai ita ne makanikenta. Abin ban dariya kuma, makarantun renon yara da masu hali ke biyan kuɗi su kai 'ya'yansu, a Garwa ko a Faransa, abin da suke sa yaro yi shi ne murza laka ta kanti da yanka takarda da manna ta, don hannunsa ya faɗa kafin ya riƙe alƙalami. Abin da ake saye a can shi ne yake zube a gaɓar kogi a nan. Makarantar na da nata amfanin, musamman Faransancin da yaro zai buƙata a firamare, sai dai kuskure ne malama ta kori saniyar laka daga aji a matsayin ƙazanta sannan ta raba hoton saniyar Turai a ce a shafa mata kala.

Wasu iyaye damuwarsu ta addini ce, cewa ƙera siffar mai rai haramun ne. Malamai da yawa sun keɓe kayan wasan yara daga wannan hani. Hadisi ya tabbata cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta, Abu Dawud ma ya ruwaito cewa a cikinsu akwai doki mai fukafukai, kuma Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Bukhari da Muslim sun kawo cewa matan sahabbai kan yi wa yara abin wasa da ulu don su shagala ranar azumin Ashura.

Sukar da ta fi nauyi ta lafiya ce. Ƙurar hunturu na kawo mura da tari da ciwon ido, arewacin Kamaru kuma na cikin yankin da sanƙarau ke addaba da rani, shi ya sa aka yi gangamin rigakafin MenAfriVac a can a 2011. Amma maganin wannan allura ce da sutura da hana fita da sanyin asuba ko ranar da hazo ya yi kauri. Kulle yaro a ɗaki mai hayaƙin garwashi yana da nasa haɗarin. Fitar hunturu a nan ma da dalilinta take zuwa: a bi Baba gona ranar yankan masakwa, a raka Inna gidan suna, a tsallaka Njamena gaida Goggo, a je kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko a hau yashin Binuwai da ruwa ya bari a hango dorina daga nesa. Ranar 11 ga Fabrairu, ranar matasa, 'yan makaranta na maci cikin sabon yunifom, ƙannensu na kan kafaɗa suna kallo. A irin wannan yawo ne yaro ke ganin kwalekwale da raƙumi da tirelar da zai je gida ya ƙera.

Abin da ke kashe al'adar ya fi talauci da ƙura ƙarfi. Tun da aka sace wani iyalin Faransawa mai mutum bakwai kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, hanyar gandun dajin Waza ta zama abin tsoro, iyaye kuma suka rage barin yara su yi nisa. Rikicin da ya ɓarke a Disambar 2021 ya kori dubban iyalai daga Kuseri da kewaye zuwa Chadi, ambaliyar 2022 da ta 2024 suka sake tayar da unguwanni. Filayen da yara ke taruwa ana yanka su fuloti, wayar Yaya kuma ta fi ƙanensa samun hankalinsa. Ga kuma rashin adalcin da ke cikin gida tun asali: namiji ya sha hantsi ya tafi ɗebo kara, 'yar'uwarsa mai shekara bakwai tana goye da jinjiri na gaske ko tana ɗauke da farantin talla. Wannan ɓangaren ba sai hukuma ta sa baki ba. Uwa da uba ne ke raba aikin safe, su ne za su iya cewa yau namijin ya riƙe ƙanensa, macen ta je gaɓa ta ɗebo tata lakar.