Gwanjon bashin lanho a Amurka: mai ragi shi ke ci

A kasuwa, in ana gwanjo, wanda ya fi tayi shi ke ɗaukar kaya. Amma a jihar Niyu Jazi ta ƙasar Amurka akwai gwanjon da tayinsa ƙasa yake yi.

Kowace shekara hukumar gari takan yi shelar gidajen da ba a biya wa lanho ba. Bashin ake sayarwa, gida yana nan hannun mai shi. Mai saye ya biya hukuma nan take, a ba shi takardar shaida. Daga ranar shi ke bin mai gida, da ruwa a kai.

Ana buɗe tayi da ruwa 18 bisa 100, masu saye su yi ta ragewa har ruwa ya ƙare. Sa'an nan a duba wanda ya fi ɗora kuɗi bisa bashin. Hukuma ke ajiye wannan ƙari. In an fanshi gida cikin shekara 5, a maida masa ba riba.

Sai bayan shekara 2 mai takarda ke iya zuwa kotu neman a mallaka masa gidan, abin da a da yakan sa ƙaramin bashi ya ci babbar dukiya. A 2023, kan shari'ar wata tsohuwa ta jihar Minesota da aka sayar da gidanta dalar Amurka 40,000 saboda bashin 15,000, Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon riƙe rarar: haƙƙin mai gida ce.